Matar da Ta San Fassarar "Da Sauƙi"

Ana sallame sallar asuba Inna Asma'u take barin Unguwar Shanu da ƙafa. Kafin rana ta ɗaga ta share ɗakin mata na asibiti, ta kwashe fo, ta canja zannuwan gado. Shekara ashirin da biyu tana haka, sai bana, 1958, gwiwa ta ce ta gaji, za ta ajiye tsintsiya. Ba ta taɓa riƙe alli ba, Turancinta kuwa bai cika cokali ba.

Duk asibitin babu wanda sunanta ke ci wa rai kamar Malam Isma'ila tafinta. Shi ya gama makarantar Midil, shi ke da fararen kaya da alƙalami a aljihu, shi aka ɗauka ya tsaya tsakanin likita Bature da marasa lafiya. Amma in likita ya fito zagaye, mai shara yake cewa a kira. Ƙyashi Isma'ila yake yi, ba ya ma iya ɓoyewa.

Abin ya faro ne daga Dije, matar wani maƙeri a Kurmin Mashi, da aka kwantar da ciwon daji a nono. Kullum likita ya tambayi jiki sai ta sunkuyar da kai ta ce da sauƙi, Isma'ila kuma ya juya maganar yadda ta fito, wai ta samu sauƙi. Kwana biyar ana haka, likita ya rage mata maganin zafi, ya ce gobe a sallame ta, ta dawo bayan wata uku. A halin da take ciki, ba lalle ta ga wata ukun ba.

Asma'u ta jingine tsintsiya, ta zaro matashin kan Dije, ta kife shi a gaban likita. Gefensa duk a tattaune yake saboda cizon azaba, har auduga ta fito.

"Malam Isma'ila, gaya masa 'da sauƙi' gaisuwa ce kawai. Ko wanda ake wa kalmar shahada ka tambaya, haka zai ce maka."

Da bakinsa ya fassara wannan, a gaban Sista mai kula da ɗakin da kowa, yana ji kamar ya nutse. Sannan Asma'u ta ce mazan su ɗan ba su wuri, ta zauna a bakin gado, ta kira Dije ƙanwata. Ashe tsoro ke rufe mata baki, don an gaya mata daji ba ya son ƙarfe, da wuƙa ta taɓa shi sai ya watsu. Asma'u ta kai wa likita tsoron, ta kawo mata amsa dalla-dalla. Aka yi aiki. Dije ta ƙara ganin damina uku, ta je sunan jikanta da ƙafarta.

Ke ce, Inna, kunnen ɗakin mata. Ke kika koya wa likita ya zauna in zai yi magana, ya kuma bar mace ta gama kunyarta kafin ya rubuta.

Isma'ila dai cewa yake sa'a ce, don ita ke canja shimfiɗa. Ya manta shi ma kwana biyar yana tsaye a bakin gadon. Yanzu in mara lafiya ya ce da sauƙi, sai ya tambayi barci, ya tambayi abinci, ya leƙa matashi, yana rantsuwa dabararsa ce.

Mun gode, Inna Asma'u, Allah ya ba ki hutu mai albarka. Ku masu fararen kaya, ku koyi sauraro irin nata.

Ranar da ta ajiye aiki, Inna ta bi kowa tana neman gafara. Da ta zo kan Isma'ila ta rage murya, ta tambaye shi yaya ƙyashin nan nasa.

"Da sauƙi, Inna," ya ce, kansa a ƙasa.