Baba Haladu da Gidajen da Ba Mu Gama Rubutawa Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, bayan la'asar, 'yarka Razan ta kira ni ta ce ka cika. Da Larabci ta faɗa, Hausar ta ƙi fitowa. Na rubuta kwanan wata a littafina na kullum, na kasa ƙara komai.

Baba Haladu, kai ne kafintan Karantina, unguwarmu ta baƙi a nan ƙasa mai tsarki. Ƙofar ɗakin aurena ma kai ka kafa ta, ka ce gudummawarka ke nan.

Ba ka gajiya da labarin shekarar da kafilinka Meshari, Balaraben da kake aiki a ƙarƙashinsa, ya kai ka Ingila, wani gidan ƙauye da ya saya mai shekara ɗari huɗu: bangon jan bulo, bututun hayaƙi goma sha ɗaya, ginshiƙan katako da suka yi baƙi don tsufa. Ka ga wata matakala ta yi rami, ka cire ta ka sa sabuwa. Ma'aikatan hukuma suka zo suka sa ka mayar da tsohuwar, domin gidan yana cikin rajistar gidajen tarihi, har ramin da ƙafafun mutane suka yi. Da dariya kake ba mu labarin.

Bayan an rushe Karantina ka daina dariyar. Ka kira ni ɗakin da Razan ta ba ka a unguwar Safa, ka ce, "Ɗana, mu babu mai rubuta namu. Kawo littafinka."

Duk Juma'a kana faɗa ina rubutawa: gidan wane, wa ya gina, ina ƙofa ta fuskanta, wace mata ke suyar ƙosai a bakinta. Ka ce akwai ɗari biyu a kanka. Mun kai saba'in da uku na tsayar da mu, wai sai na sake tsari, don ban yarda da rubutuna ba. Wata huɗu ina jan layi a littafin. Ka aiko sau biyu, na ce Juma'a mai zuwa.

Jiya na nemi tsofaffin unguwa. Wasu an mayar da su gida, wasu sun riga ka. Na je filin da kaina, na kasa gane inda ƙofata take.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba ka gidan da ba a rushewa. Ina miƙa ta'aziyya ga Razan da dangi na nan da na Damagaram, Allah Ya ba su haƙuri. Ni kuma, Baba, ka yafe mini. Na rubuta lamba saba'in da huɗu a saman shafi, ban san gidan wa ba ne.