Rahoton Ƙarfe Bakwai na Kawu Ilu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu Ilu ya rasu. Yau da safe labarin ya same ni ina kan hanyar ofis, sai da na tsaya a gefen titi. Ni aka ce in kira matarsa a gida in faɗa mata, har yanzu na kasa.

Ba kawuna na jini ba ne. Shi mutumin Haɗeja, ni 'yar Zariya, aiki ya haɗa mu a wani kamfani a Alexandria ta ƙasar Amurka shekara tara da suka wuce. Ranar da na fara ya ji ina waya da mahaifiyata, ya leƙo ya ce, "'Yata, wa ya kawo ki wannan dajin?" Shi ke nan ya zama Kawu.

Aikinmu sa ido ne. Kamfanin na da manyan kwamfutoci ɗaruruwa, saba muke ce musu, mu ne masu duba lafiyarsu. Kowace saba tana aiko da alamar tana raye duk minti biyar. In ta yi shiru sau uku, ƙararrawa ta buga a wayarmu.

Shi ya koya min rubuta manhajar da za ta ƙwanƙwasa API, wato ƙofar da manhaja ke bi ta tambayi 'yar'uwarta labari. Ya ce, "Kamar shiga gidan mutane ne, Rabi. Ki yi sallama, ki nuna makulli, ki tambayi abin da ya kawo ki, ki fito."

Na taɓa kashe ƙararrawar wata saba na manta ban kunna ba, ta mutu rabin yini babu wanda ya sani. A mitin, kafin in buɗe baki ya ce shi ne bai duba aikina ba. Ya sha faɗan, ya fito ya miƙo min kilishi daga durowarsa.

Bara sababbin manajoji suka zo da sabon tsari. Suka ce Kawu ya riƙa aiki daga gidansa a Beltsville, wai don ya huta. Mun san me ake nufi. Mutumin da ya gina komai tun zamanin da ake rataya feja, 'yar na'urar karɓar saƙo, a ƙugu, aka bar masa aiki ɗaya tal: rahoton safe. Shi kuwa tuni ya rubuta manhajar da ke tattara labarin sabobin da kanta, ta tura imel da sunansa ƙarfe bakwai daidai.

Matarsa, Inna Hajara, tana Haɗeja tana jinyar mahaifiyarta. Shi kaɗai ne a gidan.

Rabona da shi sati uku, a wani suna a Lanham. Na ce, "Kawu, ka rame." Ya ce tsufa ne, sannan ya ce na yi wuyar gani. Na ce ai kullum ina ganin saƙonsa. Ya yi dariya ya ce, "Wannan ba ni ba ne, 'yata. Ke ma kin sani."

Na sani kuwa.

Likita ya ce tun Laraba ya cika. Alhamis rahoto ya zo, komai kore, alamar lafiya ƙalau. Juma'a ya zo, har na amsa, "Na gode Kawu, barka da Juma'a." Asabar, Lahadi, Litinin, duk ya zo. Yau ma ya zo.

Mu goma sha biyu ne a sashen, duk injiniyoyi, masu tashi a guje in kwamfuta ta yi shirun kwatan awa. Babu wanda ya lura. Malam Abdu ne, direban tasi ɗan Maraɗi da suke sahu ɗaya a masallaci, ya ga wurinsa babu kowa ranar Juma'a. Ya kira, ya je ya buga ƙofa, ya dami masu gidan har suka buɗe jiya da la'asar.

Musulmi ya kwana biyar a ƙasan kicin ba wanka ba likkafani. Wannan ne ke cin raina.

Manaja ya kira ni ɗazu. Ta'aziyyarsa ba ta kai numfashi biyu ba ya tambaya wa ke da makullin manhajar, wai bai dace rahoto ya ci gaba da fita da sunan mamaci ba. Yau suka san sunansa. Ina da makullin, Kawu ya ba ni tun da daɗewa. Na shiga na kashe, ko minti ɗaya bai ɗauke ni ba. Da na kira wayarsa a kwanakin nan, shi ma da bai wuce haka ba.

Haushin kamfani nake ji, amma nawa ya fi. Su ba su kira shi Kawu ba.

Yanzu zan kira Inna Hajara. Za ta tambaye ni yaushe rabona da jin muryarsa, kuma gaskiya zan faɗa mata.

Allah Ya jiƙan Kawu Ilu, Ya sa kaɗaicin kwanakin nan ya zama kankarar zunubi, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi masa addu'a. In da saura, ku roƙa min gafara ni ma.