Giwan Ruwan da Inji Ya Mayar Tsage

Injin ya iso Birnin Kebbi a bayan motar kaya, an naɗe shi da tsohuwar katifa. Yayana ne ya saye shi, na hannu, daga Legas. A lokacin garin bai gama sabawa da zama babban birnin jiha ba, gidajen Gesse ma ba su tsufa ba, don haka ranar da muka sauke shi maƙwabta suka taru suna kallo. Wani ya tambaya ko firji ne. Yaya ya ce a'a, amma bai yi ƙarin bayani ba, don shi ma a ranar bai gama fahimta ba.

Kafin zuwansa da hannu muke buga rubutu a riguna, launi bayan launi, sai kafaɗa ta gaji. Wannan kuwa sai dai ka shimfiɗa riga a kan farantinsa, ka tura hoto daga kwamfuta, ya fesa tawada a jikin audugar kamar yadda firintar ofis ke yi wa takarda. Muka raba aiki. Yaya ya ɗauki magana da masu kawo aiki, ni na ɗauki injin. Daga baya na gane wanda aka cuta.

Abu na farko da ya koya mini shi ne halin farar tawada. Nauyi gare ta, tana kwanciya a ƙasan kwalba kamar kamu a roba, kullum da safe sai na girgiza ta kafin in karya kumallo. Na biyu shi ne kan injin, wato ɗan ƙarfen da ke kai da kawowa yana feshin. Ramukan da ke ƙarƙashinsa sun fi kafar allura ƙanƙanta, kuma da ya yini bai yi aiki ba sai tawada ta bushe a ciki. Ko da mai kawo aiki ko babu, dole a buga wani abu. Haka gidanmu ya cika da rigunan gwaji. Matata ta yi shekara tana wanke-wanke da riga mai layukan ja da shuɗi da rawaya a ƙirji. Wata maƙwabciya ta taɓa tambayarta ko tutar wata ƙasa ce.

Na uku shi ne zafi. Injin ba ya son zafi, ba ya son busasshiyar iska, mu kuma a Kebbi muke. Da bazara ta kama na jera randuna biyu cike da ruwa a ɗakinsa, na rataye jiƙaƙƙun buhuna a taga, na ba shi fankar da ta fi kyau. Mahaifiyarmu ta zo ganin wurin, ta tsaya a bakin ƙofa, sanyi ya bugi fuskarta. Ta dubi injin, ta dube ni ina zufa a waje. Ta ce Allah ya sa albarka, ta koma gida.

Rigunan da muke bugawa a wurin Iya muke saye. Bayarabiya ce mai shago a kasuwa, ta daɗe a garin har Hausarta ta koma ta Kabawa. Ita ce ta haɗa Yaya da mutumin Legas da ya sayar mana da injin, shi ya sa duk lokacin da ya lalace sai ta ji kamar an zagi danginta.

Wata safiya wani dattijo ya shigo shagonmu, ya zo daga Argungu. Masunci ne, hannuwansa duk kanta. Ya ciro hoto daga aljihu ya ajiye a kan tebur. Shi ne a tsaye a bakin gulbi, samari biyu na taya shi riƙe da wani giwan ruwa da ya kusa kai shi tsawo. Ya ce yana son a sa hoton a riguna baƙaƙe, na 'ya'yansa da surukansa.

Yaya ya ce, “Baba, wace rana ake bikin?”

“Babu biki,” in ji shi. “Kihin an daɗe da cinye shi. Mutane dai na ga sun hwara rage mishi tsawo in suna labari. Shi na sa.”

Muka karɓi aikin. Kwana biyu bayan nan aka yi mana rasuwa a Gulma, ƙanin mahaifinmu, muka rufe shago muka tafi gaba ɗaya. Muna zaman makoki, ana shigowa ana gaisuwa, ni kuma can ƙasan zuciyata ina tunanin farar tawada. Ban gaya wa kowa ba. Ba abin faɗa ba ne a wurin ta'aziyya.

Da muka dawo na tarar randunan sun ƙafe, buhunan sun bushe ƙarau. Na girgiza tawada, na sa injin ya wanke kansa da kansa, na fesa wa riga ruwan da ke riƙe farar tawada, na gasa ta a ƙarƙashin ƙarfen zafi, na shimfiɗa. A baƙar riga sai inji ya fara zuba fari tukuna, sannan ya ɗora sauran launuka a kai. Inda fari bai sauka ba, baƙin riga ne zai leƙo. Hoton ya fito da layuka baƙaƙe a kwance, tun daga kan kifin har wutsiya.

Na sake wankewa, na sake bugawa. Layukan suka ɗan ragu, amma suna nan. Yaya ya ɗaga rigar, ya matsa da ita nesa, ya lumshe ido ɗaya.

“Daga nan ba a gani,” ya ce.

“Yaya, ba daga nan za a sa ta ba.”

Ya ce in kai wa dattijon ya gani, wataƙila bai damu ba. Na hau babur na nufi Argungu. Na same shi a ƙarƙashin wata bishiya kusa da gulbi yana gyaran koma. Bayan gaisuwa na miƙa masa rigar. Ya shimfiɗa ta a cinya, ya daɗe yana kallo.

“Ɗana, wanga ba kihina ba na.”

“Shi ne, Baba. Injin ne ya ɗan yi layi.”

“Giwan ruwa ba ya da zane. Tsage ka da zane.” Ya bi layukan da yatsa. “Kuma tunda anka halicci gulbin ga, ba a taɓa kama tsage mai girman haka ba. In ɗiyana sunka sa wagga riga, za a ce tsoho ya hwara ƙarya.”

Bai ɗaga murya ba. Ya ninke rigar da kyau ya mayar mini, ya sa aka kawo mini ruwa.

Daga ranar na shiga cikin injin sosai. Na kwance kan, na ɗora shi a kan tsumma mai laushi da na jiƙa da ruwan wankinsa, na bar shi ya sha. Na ɗauki sirinji na tura ruwan a hankali ta bututun farar tawada, har ya fito ta ƙasa kamar yayyafi. Na goge ɗan robar da ke share masa fuska. Na mayar da komai. Rigar farko ta fito tsaf, har na kira Yaya ya gani. Washegari da safe tsage ya dawo.

Iya ta ce a kira mutumin Legas. Ba ya jin Hausa, Turancinsa kuma gudu yake yi, sai ta karɓi wayar suka koma Yarbanci. Ya yi ta magana, ya yi ta magana, tana cewa to, to. Da ya gama ta rufe wayar da tafin hannu ta dube ni.

“Ya ce ka girgiza tawada?”

“Iya, kullum ina girgizawa.”

Ta mayar masa. Ya sake dogon jawabi, har da dariya a tsakiya.

“Ya ce ka sake girgizawa.”

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda injin ke gyaruwa da rana ya lalace kafin safiya. Ashe matsalar ba a wurin aiki take ba, a wurin kwana take. In inji ya gama aiki, kan yana komawa gefe ya zauna a kan wani ɗan murfi mai leɓen roba, wanda ke rufe ramukan kada iska ta shiga. Na haska wurin da tocila a tsakar rana, na danna leɓen da farce. Sai ga tsaga, siririya kamar gashi. Zafin kwanakin da muka yi a Gulma ya busar da robar ta fashe. Duk wankin da nake yi, iska na bi ta nan tana mayar da aikina baya.

Babu mai sayar da irin wannan murfi a Birnin Kebbi, har Sakkwato na sa aka duba. Na je wurin mai faci na yanko guntun tiyub ɗin babur na liƙa. Ya rage layukan, ya kuma ƙara wani baƙin tabo a daidai goshin dattijon. Na cire. Muka jira na gaskiya daga Legas, ya zo a cikin dilar rigunan Iya, an cusa shi a safa. Girmansa bai kai akwatin ashana ba. Yaya ya juya shi a tafin hannu ya ce, “Wannan ne?” Na ce shi ne.

Na sa shi, na sake wanke kan, na bar injin ya kwana. Da safe na buga gwaji, kowane rami ya amsa. Na buga rigunan duka a rana ɗaya, ban ko fita cin abinci ba, kada ya canza shawara.

Ni da Yaya muka kai su Argungu tare. Dattijon ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya, yana duba kifin kowace riga kamar zai iya bambanta da na 'yar uwarta. Fuskarsa a hoton ta ɗan yi kore-kore, na lura tun a shago, amma ko kallonta bai yi ba. Ya auna kifin da taƙi, ya auna nasa tsawon a hoton, ya gyaɗa kai.

“Yauwa. Wanga shi na.”

Ya kira 'ya'yansa da surukansa, manyan magidanta, wasu da furfura a gemu, ya sa kowa ya saka tasa a kan kaftani. Suka jeru a tsakar gida ba mai murmushi, kowa da giwan ruwa a ciki. Shi bai saka ba, ya ce shi ya ga kifin da idonsa. Aka kawo mana tuwon shinkafa da miyar kifi, muka ci har muka kasa tashi.

Da za mu tafi ya rako mu bakin hanya. Ya nuna kwalekwalensa da ke ɗaure a bakin ruwa, ya tambaye ni ko injin zai iya buga hoton a jikinsa. Na ce farantin injin bai fi faɗin riga ba, kwalekwale ba zai hau ba. Ya yi nazari, sannan ya ce in an ƙero babba a sanar da shi. Na ce to, Baba. Yaya ya tayar da babur.