Ranar Da Na Ɗauki Takalman Baba A Bidiyo

Shekarun baya, lokacin ina goyon ɗana na biyu, mahaifiyata ta kira ni da hantsi ina tsaka da tankaɗe. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Ke, babanku fa zai bar bitar nan."

Mahaifina malamin firamare ne a Maska, ya haura shekara talatin yana riƙe da alli. A wannan zangon aka sa su wata bita ta malamai da ake yi ta waya. An buɗe musu guruf, kowane malami zai ɗauki bidiyon kansa yana koyarwa a aji ya tura, sauran su kalla su ba shi shawara. Wanda bai tura nasa ba zuwa ranar Alhamis za a cire sunansa. Ƙanena ya saya masa babbar waya, ya saka shi a guruf ɗin kafin ya koma makaranta, amma tun daga ranar Baba ya mayar da ita kwalinta, ya ci gaba da 'yar ƙaramarsa mai tocila.

Na ce, "To ya sa malaman makarantarsu su ɗaukar masa mana, Inna."

"Waɗanne malamai? Yaran da ya koya wa baƙi da wasali? Ya ce gara a cire shi da ya tsaya roƙonsu. Amma abin yana cinsa, jiya ko tuwo bai gama ba. Ke za ki zo."

Gabana ya faɗi, domin ni ce ɗiyar fari. Wanda ya tashi a gidajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce "yarinyar nan". Ni ma ban taɓa haɗa ido da shi ba. In zan gaishe shi durƙusawa nake yi, idona a ƙasa har in tashi. Ba rashin so ba ne, alkunya ce, kuma haka muka gaje ta.

Maigidana ya yi ta mini dariya, sannan ya ba ni izini. Ranar Alhamis ɗin da safe na goya yaro na hau mashin daga Funtuwa, masara ta yi kai hagu da dama. Na biya gida na karɓi wayar wurin Inna, na wuce makaranta.

Aji huɗu ne, darasin lissafi, rabawa. Na raɓe gefe kusa da ƙofa. Baba ya gyara hula, ya dubi bango ya ce, "In an shirya a fara."

Na yi bisimilla na danna, na ɗaga wayar. Sai ga fuskar Baba raɗau a gabana, idonsa kamar cikin nawa. Wallahi ban san lokacin da na sunkuyar da kai ba. Abin da ban lura da shi ba, da kaina ya yi ƙasa hannuna ma ya bi shi. Na tsaya a haka ina jin daɗin muryarsa, yana raba mangwaro goma sha biyu tsakanin yara uku, har hawaye suka cika mini ido, don ban taɓa ganinsa a aji ba. Wato ban taɓa jinsa ba dai, gani kam ranar ma ban yi ba.

Da aka gama, hedimasta ya ce a makarantar babu sabis, sai bakin titi ƙarƙashin ɗorawa. Hadari ya haɗo, yaro yana kuka, na tsaya can na tura bidiyon cikin guruf. Ban duba ba. In na duba ai fuskar Baba zan kalla.

Bayan azahar muna tsakar gida, Baba kan tabarma, ni da Inna a ƙofar madafi, sai wayar ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. Na buɗe, na ga fuskokin dariya jere reras. Na kunna bidiyon. Jama'a, minti ashirin cur, babu komai sai takalman Baba sau-ciki, sun sha mai suna ƙyalli, da ƙafafun yara ƙarƙashin benci.

Na taɓa saƙon muryar wani malami, ya fito da ƙarfi: "Ranka ya daɗe, takalmi dai ya ci jarrabawa, saura mai shi!"

Baba bai ɗago ba, ya ce, "A mayar da ita kwalinta." Ni kuwa sai hawaye. Na zo in rufa masa asiri, na mayar da shi abin dariya gaban sa'annin 'ya'yan cikinsa.

Ina shirin kashewa wani saƙon ya shigo, daga malamar da ke jagorantar bitar. Kirista ce 'yar Malumfashi, Baba ya koyar da ita tun yana aiki a Dayi. Inna ta ce, "Kunna mana, abin da zai faru ai ya faru."

"Baba Malam, barka da yini. Ni ma na yi dariya, ba zan ɓoye ba. Amma ku masu dariya, wa ya kalla har ƙarshe? Ni sau biyu na kalla. Bayani dai babu wanda ya turo kamar wannan, ko ba ka ga allo ba ka gane rabawa. Sai dai ku duba takalmin nan, daga farko har ƙarshe bai bar gaban allo ba. Ƙafafun 'yan layin gaba a natse suke, na baya kuwa wasa suke da dutse, wannan ya tura wa wancan. Na koma na kalli nawa bidiyon, ashe ni ma haka nake tsayawa kamar an dasa ni. Kowa ya je ya duba ƙafarsa kafin ya ƙara dariya."

Can Baba ya yi gyaran murya, ya dubi randa ya ce, "A sake kunno bidiyon."

Na durƙusa na ajiye masa wayar gefen tabarma. Ya sa tabarau ya kalla tun daga farko. Da aka zo wurin wasan dutsen sai ya ce, "La ilaha illallahu! Ni ina can ina raba mangwaro, su suna nan suna ƙwallo!" Ya fashe da dariyar da na daɗe ban ji irinta ba.

Inna ta ce, "Malam, ai kun dace. Kai ba ka iya kallonta, ita ba ta iya kallonka, dole takalmi ya sha kallo."

"Ke dai zubo mini tuwon jiya in akwai saura," in ji Baba.

Kafin la'asar malamai suka yi ta shigowa, har da mai maganar jarrabawa, kowa yana cewa shi ma ya kama ƙafarsa. Ba a cire Baba ba. Mako na gaba da kansa ya jingina wayar a taga da bulo biyu, bayan na nuna wa Inna inda ake dannawa ita kuma ta nuna masa. A sabon bidiyon yana zagaya layuka, yana tsayawa kan littafin kowane yaro.

Har yau in na tuna nakan yi murmushi ni kaɗai a madafi. Ban yi nadamar kunyata ba, ado ce. Amma na gane cewa mutum ba ya ganin ƙeyarsa komai daɗewarsa a aiki, sai wani ya duba masa, kuma ni'ima ce Allah Ya haɗa ka da mai faɗa maka gyara ba tare da ya zubar maka da girma ba. Ina yi wa malamar nan addu'ar alheri duk lokacin da ta faɗo mini a rai.

Baba ya yi ritaya yanzu, amma sun hana shi fita guruf ɗin. Duk malamin da ya turo bidiyo, shi ne farkon mai sharhi. Kwanaki Inna take ba ni labari, wai sun roƙe shi don Allah saƙonsa ya daina wuce minti biyar. Ya amsa musu da saƙon minti tara, yana bayanin dalilin da ya sa hakan ba zai yiwu ba.