Safar Hannun Autana

Autana tela ne. Shagonsa yana bakin titi a Dutsen Kura, inda mahaifinsa ya yi ɗinki har Allah Ya karɓi abinsa. Shekara biyu da rasuwar, ya zo ya durƙusa a gabana ya ce zai tafi Turai. Jirgi zai kai su wata ƙasa, shi da abokinsa, daga nan sai tafiyar ƙafa ta kwana goma, su haura duwatsu su faɗa wata ƙasar.

Na yi kuka, na yi lallashi, bai fasa ba. Sai ya shiga shiri. Kullum da safe yakan cika jakar goyo da duwatsu, ya sa wani ƙaton takalmi na gwanjo, ya kama hanyar Beji da ƙafa. Masu babur suna yi masa tsiya.

"Tela, gini za ka yi ne? Hau mu rage maka hanya!"

Shi dai sai dariya. Ya sayo rigar sanyi mai kauri, da wata safar hannu da ban taɓa ganin irinta ba, cikinta duk gashi, kowace ɗaya ta kai kan jariri. Ya kai jakar wurin mahauci aka ɗora a sikeli, ya dawo ya ce ko allura ba za a ƙara ba.

Na ce, "Auta, ba da zafi ka ce za ku haura ba?"

"Inna, can saman dutsen ƙanƙara ba ta narkewa ko da bazara."

Na ji shi, amma ban yarda ba. Ni 'yar Gwada ce, a gonar doya na tashi. Bazarar da na sani ita ce wadda ƙasa ke ƙona tafin ƙafa. Kuma a wurinmu ɗa ba ya barin gida uwarsa ba ta yi masa guzuri ba. Yunwa muka sani tana kayar da matafiyi. Ban taɓa jin wanda sanyi ya kayar ba. Ranar tafiya, yana masallaci sallar azahar, na kwance jakar, na zaro safar daga can ƙasa, na cusa ƙullin ƙuli-ƙuli da dakuwa a gurbinta. Rigar ma na taɓa ta, Allah Ya sa na bar ta.

Wata biyu ba labari. Sannan abokin ya kira wayar maƙwabciyata. Sun haura, suna raye. Amma sai a gindin dutsen autana ya nemi safar ya rasa, mai yi musu jagora kuwa ba ya jiran kowa. Ya naɗe hannuwansa da safar ƙafa, ta jiƙe, kwana biyu iska na dukansu. A asibiti aka yanke masa yatsu huɗu na hannun dama, har da babban.

Da ya samu sauƙi ya kira da kansa. Ban bari mun gama gaisawa ba.

"Auta, ni na cire."



"Na sani, Inna. Da na ga ƙullin na gane ɗaurinki."

Na roƙe shi gafara.

"Na yafe miki duniya da lahira. Amma don Allah kada ki ƙara tambayata hannun."

Ban ƙara ba. Abokin ne ya gaya mini wanke-wanke yake yi a wani gidan abinci, almakashi ya gagare shi. Yakan kira ranar Juma'a, mu yi hirar ruwan sama da ciwon gwiwata, in miƙa wa maƙwabciya wayarta, in shiga ɗaki in yi kukana.