Kawu Sale Ba Ya Hawa Bene

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakinmu na unguwar Sana'iyya a Doha ya san kofin Kawu Sale. Na gilashi ne, ruwa rabi, a kan firji, kuma ba na sha ba ne. Da shi yake gadin girgizar ƙasa: ruwan na motsi, Kawu ya yi waje. Matsalar ita ce firjin kansa karkarwa yake yi. Ni ɗan ƙanwarsa ne, aikin gadi nake, a gajiye nake dawowa, amma sau nawa ya finciko ni waje da loma a hannu.

"Haba Kawu, Doha ce fa. Ba a yi a nan."

"Iran na tsallaken ruwa. Kai ka ji an ce girgiza na neman biza?"

Wani likita ɗan garinmu ya gayyace mu walimar suna a hawa na ashirin da uku. Kawu ya ɗaga kai ya ƙirga tagogi, ya koma mota ya zauna. Likitan da kansa ya sauko yana ba shi haƙuri.

"Khalas, shi ke nan, Dakta. A sauko min da jaririn in yi masa addu'a."

Haka kuwa aka yi. Ni na yi ta jigilar shinkafa a lif, har ya maida ni don na manta yaji.

Sai ga shi wata rana girgizar ta zo da gaske, 'yar kaɗan, har aka fito da mutane daga dogayen benaye. Kawu yana kan hanya yana tuƙa bas ɗin ma'aikata, bai ji komai ba. Da muka ba shi labari sai ya ɓata rai.

"Shekara tara ina jiranta, ta zo ta wuce ina kan sitiyari?"

Kwana biyu bai kula mu ba, kamar mu muka ɓoye masa ita.

Sau ɗaya tak ya gaya min dalili. Yana saurayi ya yi leburanci a Aljeriya. Ya fita sayen burodi ƙasa ta motsa, ya dawo ya tarar gidan da suke kwana ya rufta da abokansa biyu a ciki. Daga ranar na rage yi masa tsiya, ko da yake ban daina ba.

Bara ciwon zuciya ya ɗauke shi a gida, Gusau. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sa ƙasar da ya yi ta tsoro ta karɓe shi a hankali, Ya yalwata masa makwanci.