Yadda Aka Narkar da Kaka Bawa

Ranar wata Juma'a ta kasuwar Jega, a bazarar da Nasara suka sa aka fara share hanya zuwa garinmu Aliero, kakana Bawa ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar 'yan albasa. Ina riƙe da igiyar jakinmu, lokacin ban fi shekara takwas ba. Yana cikin ciniki yana ƙyaƙyata dariya sai na ga idonsa ya juye, ya tafi da baya ya danne kwandon wani bawan Allah, albasa ta watse ko'ina. Aka yi ta kwara masa ruwa har ya farfaɗo. Da aka zo ɗaga shi ƙarti suka taru suna nishi, jakin kuwa ya ƙi ɗaukarsa ƙememe, sai takarkari aka aro ya kai shi gida.

Kaka Bawa tsohon ɗan kokawa ne. Da ya bar fage sai jiki ya buɗe, wuya ya yi ninki-ninki, tumbi ya riga shi shiga zaure. Ni ce matarsa ta wasan jika da kaka, kuma ba na raga masa. Rumbu nake ce masa, shi kuma ya ce da ni tsinken tsire. In mun taso daga makarantar allo da hantsi, fadama muke gangarawa mu yi wa albasa ban ruwa da ƙwarya, mu tsinko lawashi a daka a dunƙula gabu a shanya. Shi yana gindin tsamiya yana ba da umarni, ƙwaryar fura da nonon Fulani a gabansa. Tuwon dawa kuwa, in man shanu bai kwanta a kan miya ba, ba ya sa hannu. Da yamma in muka fita gaɗa babu mai kiɗa, sai ya yaye riga ya dinga buga mana tumbinsa, mu yi ta rawa har uwayenmu su kira mu surfe. Ban taɓa jin ya ce kansa na ciwo ba kafin ranar nan ta Jega.

Faɗuwar ta tsorata babana da ƙanensa Baffa Sanda. Suka nemo wani wanzami daga wajen Maiyama, wanda ya taɓa yi wa sojan Nasara dako. Ya ce ya gani da idonsa likitan Nasara na korar duk mai ƙiba, wai kitse ke shaƙe zuciya. Maganin kuwa shi ya ƙaro da kansa: tun da mahauta da wuta suke narkar da kitsen sa, na mutum ma wuta ce za ta fitar da shi. Kaka ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Rana ta, ita tak kada ni, ba hura ba. Ku bar ni da jikina." Ba wanda ya ji. Sun riga sun gama shawara a zaure.

Bayan rumbuna aka haƙa rami tsawon mutum. Aka cika shi da kara da itace aka banka wuta har ƙasar ta yi ja, aka kwashe garwashin, aka shimfiɗa ɗanyen ganyen sabara aka yayyafa ruwa, tururi ya tashi. Sannan suka zo masa, su biyu da maƙwabta. Sun manta wanda suke shirin kamawa. Baffa Sanda ne ya fara kai hannu, Kaka ya cafe shi ta ƙugu ya ɗaga sama ya maka shi a kan turmi, muka ji ƙashin kafaɗarsa ya ce ƙas. Wani maƙwabci ya rungumo shi ta gaba, ya sa masa goshi a baki, mutumin ya tofar da haƙora da jini. Babana ne ya zagaya ta baya ya zarga masa igiyar shanu a ƙafa, suka ja, tsoho ya zube. Suka ɗaure shi hannu da ƙafa, suka mirgina shi cikin ramin, suka rufe da kirgi, kansa kaɗai ke waje.

Irin kukan da ya yi, ban san babban mutum na da shi a ciki ba. Na kwasa da gudu na kama hannun wanzamin da haƙori, ban saki ba sai da na ji gishirin jini a bakina. Babana ya ɗauke ni da mari na faɗa cikin tokar da aka kwashe, gwiwar hannuna ta soye. Da aka fito da Kaka, fatar bayansa ta saɓule ta manne da ganye. Wanzami bai tsaya nan ba. Ya gasa ƙarfe ya yi masa sakiya a tumbi, ruwa ya tsatso, ya nuna wa mutane yana cewa, "Kun gani? Maiƙo na, shina hita." Ruwan ƙuna ne kawai, amma duk suka gyaɗa kai.

Daga ranar aka yanke masa fura da nono da man shanu. Sai tsinkakken kunu da jiƙon maɗaci mai sa gudawa, ramin kuma da bayansa ya fara warkewa sai a sake hura shi, har ruwan damina ya cika shi. Nakan ɓoye ƙwallon fura a ƙarƙashin lawashi in kai masa. Ranar da aka kama ni na sha tsumagiya har zama ya gagare ni, washegari kuma na sake kaiwa, don taurin kaina na Kaka ne. Ya rame. Fata ta zubo masa a hannu da ciki kamar rigar aro. Maƙwabta suka dinga shigowa yi wa babana barka. Gaskiya ɗaya da ba zan ɓoye ba, numfashinsa ya yi sauƙi in yana tafiya, kuma bai sake faɗuwa ba. Sai dai bai sake zuwa kasuwa ba, bai sake zama gindin tsamiya ba, in 'ya'yansa suka shigo gaisuwa yakan juya fuska ga zana. Ni kaɗai yake yi wa magana. Wata rana ina shafa masa mai a tabon bayansa ya ce, "Ba wutar ad da ciwo ba, Kulu, igiyar ta. Ɗiyan da na haihwa sunka ɗaure ni awa sa."

Damina biyu ya ƙara, sannan Allah ya karɓi abinsa. Da maza suka dawo daga maƙabarta, babana ya zauna a ƙofar ɗakin tsohon ya haɗa kai da gwiwa. Ya ce da Baffa Sanda, "Mun ɗauke shi awa damin kara. Da ma nauyinai ya karya muna kahwaɗa." Sai ya fashe da kuka a gaban mata da yara. A ranar ban ji tausayinsa ko kaɗan ba. Sai da na girma na gane tsoron rasa uba ne ya sa shi zarga igiyar nan, kuma da nauyin abin ya ƙarasa rayuwarsa.

Yanzu ni ce tsohuwa, kuma jikin Kaka na gada kaf. Malamin asibiti ya ɗora ni a sikeli ya ce in rage mai da gishiri, in riƙa takawa. Da ladabi ya faɗa, ina kuma bin abin da na ga zan iya, don gwiwoyina sun fara ƙorafi. 'Ya'yana na leƙen kwanona, na ce musu su yi mini nasiha iya son ransu, amma kada wanda ya janye shi daga gabana. In na taka zuwa fadama da yamma nakan tsaya in huta, in yi kewar ƙaton tsohon nan. Ban san ko ramin ya amfani jikinsa ba. Na dai san kwanakin da suka rage masa, bai ji daɗin ko ɗaya ba.